Soyayyen burodi mai ƙwai da kirfa: yadda za ki yi shi ya nuna har ciki

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Tudun Wada ko Kawo a nan Kaduna ya san burodi da ƙwai. Mai shayi zai fasa ƙwai a kofi, ya yanka albasa da attaruhu, ya marmasa magi, ya kaɗa, ya juye a kaskon da mai ya riga ya yi zafi har yana hayaƙi. Kafin mutum ya laluba aljihu an tsaga burodi an cusa masa. Abinci ne na sauri, kuma wuta mai ƙarfi ce ke yin sa.

Wanda za mu yi yau kayan haɗinsu kusan ɗaya ne, amma hali ya sha bamban. Shi wannan mai zaƙi ne. Madara da sukari da kirfa ake kaɗawa da ƙwan, a tsoma burodin a ciki ya sha, sannan a soya a hankali. A gidajen abinci za ki ji ana ce masa firenc tos, wato soyayyen burodi irin na Faransa. Yawancin matan da suka gwada a gida suka ce bai yi musu ba, da hannun mai shayi suka yi shi: wuta sosai, mai da yawa, burodi sabo fil daga gidan burodi. Sai waje ya ƙone, ciki kuma ya tsaya ɗanye yana ƙarni, yara su gutsura sau ɗaya su ture faranti.

Dabarar tsohuwa ce. Tun zamanin daular Rum ana jiƙa burodi cikin madara a soya, a kwarara masa zuma, kuma a ƙasashen Turai da dama, ba Faransa kaɗai ba, da ita ake ceton burodin da ya kwana ya yi tauri don kada a zubar. Ki riƙe wannan, uwargida, domin rabin aikin a nan yake: da busasshen burodi aka saba yin girkin tun da can. Ragowar rabin kuwa haƙuri ne a gaban murhu.

Burodin da ya dace

Laushi shi ne abin da muke yabon burodi da shi a garin nan. Mai saye yakan danna leda da yatsa ya ji ko za ta lotsa kafin ya miƙa kuɗi. To wannan laushin shi ne damuwarmu a wannan girki. Sabon burodi cike yake da danshi, babu gurbin da madara da ƙwai za su shiga su zauna. Yana taɓa ruwa sai ya saki jiki, ya dagargaje a hannunki tun bai kai kasko ba. Wanda ya ɗan bushe kuwa zuƙe ruwan yake yi ya riƙe, kuma ya tsaya da siffarsa.

Idan da hali, ki sayi dunƙulallen burodi wanda ba a yanka ba, ki yanka da kanki. Kowace sala ta kai kaurin babban yatsanki, wato kimanin santimita 2. Mai yanka-yanka na leda, wanda inji ya yanka, sirara gare shi. Zai yi, amma sai kin yi masa sauri wajen tsomawa, kuma ba zai ba ki lallausan cikin nan da ake nema ba. Wajen yanka ki yi amfani da wuƙa mai haƙora, kina ja kina turawa. Idan kika danna, burodin zai cure, kuma curarren burodi ba ya shan ruwa yadda ya kamata.

Da daddare za ki yanka, ki shimfiɗa salolin a tire ba tare da kin ɗora wata kan wata ba, ki kifa kwando ko rariya a kai saboda kiyashi da kyankyaso. A nan yanayin Kaduna ke shigowa cikin lissafi. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take, ko awa biyu ko uku sun isa. Idan ya kwana a buɗe, da safe za ki tarar bakin-bakinsa ya yi ƙarau, kuma hakan ba laifi, sai dai ki ƙara masa lokacin jiƙo. Da damina kuwa, musamman a Agusta, ko ya kwana ba zai bushe ba, don iskar kanta a jiƙe take, ƙarshenta ma funfuna ce za ta fara leƙowa. Lokacin nan sai ki busar da shi da kanki: ki ɗora kasko babu mai a kan wuta kaɗan, ki jera salolin, minti ɗaya ko biyu kowane gefe. Ba gasawa ake so ba, kada ya sauya launi, danshin kawai za ki kora. Mai obin ta sa shi a zafin digiri 150 na tsawon minti 8 zuwa 10.

Wasu na jefa burodi a firij don ya yi tauri. Zai yi taurin, amma ba bushewa ya yi ba, sitacin da ke cikinsa ne ya sandare, ruwan yana nan. Gara ki bi hanyar tire ko ta kasko. Burodin da kika ga ɗigon kore ko baƙi a jikinsa kuma, kada ki yanke wajen ki yi amfani da sauran. Funfuna tana shiga ciki fiye da inda ido ke gani. Na shara ne.

Kirfa

Wajen masu kayan ƙamshi za ki same ta, masu sayar da citta da kanumfari da masoro da kimba, a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, har ma da ƙananan kasuwannin unguwa. Ɓawon itace ce, kuma ba a ƙasar nan ake noma ta ba. Iri biyu ne ke yawo a kasuwannin duniya. Akwai ta Siri Lanka: ɓawonta siriri ne, an naɗe shi fallen-fallen da yawa a cikin juna, launinta bai yi duhu ba, kina matsa ta da yatsa za ta ruguje. Ƙamshinta a sanyaye yake. Akwai kuma wadda ake kawowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam, mai kauri, falle ɗaya mai tauri, ja mai duhu, ƙamshinta da ƙarfi har da ɗan yaji-yaji a harshe. Wannan ta biyun ta fi araha kuma ta fi yawa, kuma ita za ki fi cin karo da ita.

Duk biyun suna yi. Ni a wannan girki na fi son mai ƙarfin, don ƙamshinta ba ya ɓacewa a cikin ƙwai da bota. Sai dai tana ɗauke da wani sinadari da ake kira kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Cokalin shayi ɗaya ko biyu da za a raba wa mutanen gida a karin kumallon ranar Asabar ba abin tada hankali ba ne. Masu kamfatar garin kirfa cokali-cokali suna sha kullum da sunan magani su ne ya kamata su yi hattara. Kuma tunda maganar ta zo: don an ce kirfa na taimaka wa mai ciwon sukari, wannan ba ya nufin barbaɗa ta a kan burodi da zuma ya wanke zaƙin. Idan akwai mai ciwon a gida, a cire masa sukarin da zumar, a ba shi sala ɗaya.

Ki sayi ta itace ki daka da kanki idan kina da lokaci. Garin da ya daɗe a buɗe a faranti, rana na dukansa, launi kawai ya rage masa. Ki kakkarya itacen, ki ɗan ɗumama a busasshen kasko har ƙamshi ya fara tashi, ki daka a ƙaramin turmi, ki tankaɗe da rariyar laushi. Turmin ya zama ba na jajjage ba, in ba haka ba burodinki zai fito da ƙamshin tafarnuwa da daddawa. Tsakin da ya rage a rariya kada ki zubar, ki jefa a tukunyar shayi. Idan garin za ki saya, ki shinshina tukuna. Wanda bai bugi hancinki ba, ki bar musu kayansu.

Ƙwai, madara da abin suya

Ƙwai ki fasa kowane ɗaya a kofi daban kafin ki juye cikin sauran, musamman da zafin Maris da Afrilu. Guda ɗaya da ya lalace ya isa ya ja miki asarar madara da komai. Idan kina tantama, ki jefa shi a ruwa: mai kyau zai nutse ya kwanta, tsoho zai taso sama. Da damina idan ƙwan zabi ya fito, ki gwada da shi. Ƙanana ne, don haka ki sa shida a maimakon huɗu, amma gwaiduwarsa ta fi yawa idan aka kwatanta da farin, kuma gwaiduwa ce ke kawo maiƙo da gardi a wannan girki.

Madara kowace iri kike da ita ta yi. Idan ta gari ce, babban cokali 4 a cikin kofin ruwa ɗaya mai ɗumi, ki dama har gudaji su narke, ki bari ta huce. Kada ki zuba ruwan zafi a kan ƙwai, dafa shi zai yi ya zama ɓarɓashi. Idan ta gwangwani ce irin Peak ko Three Crowns, ki haɗa rabi madara rabi ruwa. Madarar shanu da aka tatso sai an tafasa ta ta huce. Nono da kindirmo kuwa tsaminsu ba ya tafiya da wannan haɗi, gara a ajiye su a gefe a ci tare.

Abin suya shi ne bota, amma bota kaɗai saurin ƙonewa gare ta, domin akwai ragowar madara a cikinta da ke yin baƙi tun zafi bai kai ko'ina ba. Maganin abin shi ne ki haɗa ta da ɗan man gyaɗa, rabi da rabi. Blue Band da Simas da ire-irensu suna yi, sai dai akwai ruwa da gishiri a cikinsu, za su ɗan yi tartsatsi, kuma sai ki rage gishirin haɗinki. Wanda ya fi duka a wajena shi ne man shanu, domin idan aka soya shi ruwansa ya ƙone aka tace, yana jure zafi fiye da bota nesa ba kusa ba. Matsala ɗaya ce: mu da albasa muke soya man shanu, wanda za a zuba a tuwo da miyar kuka. Wannan ba zai yi ba. Ki ɗebi ɗanyen man daban, ki wanke, ki narka a wuta kaɗan da guntun itacen kirfa a ciki maimakon albasa, ki jira kumfa ya kwanta ƙarar tafasar ta tsaya, ki tace a kwalba. Wannan kwalbar ta kayan zaƙi ce kawai.

Awo

Wannan awon na sala 8 ne masu kauri, zai ishi mutum huɗu: ƙwai 4, madara kofi 1 wato mililita 240, sukari babban cokali 1 zuwa 2, garin kirfa cokalin shayi 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da filebon banila rabin cokalin shayi idan akwai. Gyaɗar ƙamshi ki goga kaɗan ƙwarai, don ita idan ta yi yawa ɗaci take yi. Garin busasshiyar citta, irin wadda ake kawowa daga Kachia, rubu'in cokalin shayi yana ƙara masa armashi kuma yana taimakawa wajen danne ƙarni. Na barbaɗawa a sama kuma daban: sukari babban cokali 3 da kirfa cokalin shayi 1.

Lissafin da za ki riƙe a ka shi ne ƙwai ɗaya, rubu'in kofin madara, sala biyu. Da shi za ki ƙara ko ki rage gwargwadon bakin da za ki ciyar. Idan madara ta rinjayi ƙwai, cikin ba zai taɓa kamewa ba ko da kin kwana kina soyawa. Idan ƙwai ya rinjaya, wainar ƙwai ce za ta fito manne da burodi.

Za ki ga sukarin cikin haɗin bai da yawa. Da gangan ne. Burodinmu dama da zaƙinsa yake zuwa, kuma sukari a cikin ruwan ƙwai shi ne ke fara ƙonewa idan ya haɗu da kasko. Zaƙin a sama za a sa shi bayan an sauke.

Haɗa ruwan ƙwan

Ki samu kwano mai faɗi wanda sala za ta kwanta a ciki sosai, ba mai zurfi ba. A nan akwai wata 'yar dabara da ke raba wadda ta iya da wadda ba ta iya ba. Garin kirfa ba ya shiga ruwa. Idan kika zuba shi a kan madara, sama zai taso ya yi ta yawo, salar farko ta kwashe shi duka ta yi baƙi-ƙirin, sauran su tashi a tutar babu. Don haka ki fara cakuɗa kirfar da sukari da gishiri a busasshen kwanon. Ki fasa ƙwai ɗaya a kai, ki kaɗa da cokali mai yatsu har ya zama kwaɓi mai kauri launin ƙasa. Maiƙon gwaiduwa zai kama garin ya riƙe shi. Sannan ki zuba sauran ƙwan ki ci gaba da kaɗawa, madara da filebo su zo daga ƙarshe.

Ki kaɗa sosai har ki daina ganin yauƙin farin ƙwai idan kin ɗaga cokali. Wannan yauƙin idan ya rage, shi ne ke mannewa a gefen burodi ya soyu fari fat, kuma daga nan ƙarni ke fitowa. Wadda ba ta son ƙarni ko kaɗan ta tace haɗin da rariya, ko kuma ta cire farin ƙwai ɗaya ta bar gwaiduwar. Duk da haka kirfar za ta riƙa ɗan tasowa, saboda haka kafin ki tsoma kowace sala ki sake juya ruwan sau biyu.

Tsomawa

Kasko ya riga ya hau wuta kafin ki tsoma salar farko. Kada ki jiƙa duka ki tara a faranti suna jiran layi, na ƙasa za su narke.

Tsawon jiƙon ya danganta da burodin da ke hannunki. Siririn mai yanka-yanka, ki tsoma ki ƙirga biyar, ki juya ki ƙirga biyar, ki cire. Mai kauri da ya kwana a tire, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowane gefe. Wanda hunturu ya busar ƙarau yana iya kai minti ɗaya. Hannunki ne zai gaya miki: idan kin ɗaga sai ki ji ta yi nauyi, tsakiyarta ta yi laushi idan kin taɓa, amma ba ta lanƙwashe tana neman tsagewa ba. Ki ɗaga ta da hannu biyu ko da faffaɗan cokali, ki tsaya a kan kwanon ruwan da ya yi yawa ya ɗiga. Idan kika kai ta kasko tana zuba, ruwan zai malale ya soyu a gefe ya yi mata gemu.

Suya

Kasko mai kaurin gindi ya fi, ko wanda ba ya kamu. Siririn kaskon alminiyom wuri ɗaya yake tara zafi, tsakiya ta ƙone gefe bai ji wuta ba. Idan shi kike da shi, ki riƙa zagaya salolin kina sauya musu wuri.

Wuta ƙasa da matsakaiciya ake so. A gas, ki kunna ki rage har harshen wutar ya zama bai taɓa gindin kasko da ƙarfi ba. A risho ki sauke lagwani. A kurfoti ki jira gawayi ya ruru ya zama garwashi, ki baza shi, ki yayyafa toka a kai idan ya yi zafi da yawa. Ga dalilin duk wannan: ruwan ƙwan da ke tsakiyar burodin sai zafinsa ya kai wajen digiri 70 kafin ya kame ya nuna, kuma zafi a hankali yake ratsa jiƙaƙƙen burodi. Shi kuwa wajen, da ke manne da ƙarfe ga sukari ga madara, cikin ɗan lokaci yake yin ja. Aikinki shi ne ki ja wa wajen birki har cikin ya iso.

Ki sa bota cokalin shayi ɗaya da mai cokalin shayi ɗaya, ki karkata kaskon su zagaye. Ba a nutsa shi a mai, shafawa kawai ake yi. Idan botar ta narke ta yi kumfa, kumfan ya fara kwantawa, lokaci ya yi. Idan ta yi ruwan ƙasa nan take tana hayaƙi, kaskon ya yi zafi da yawa: ki sauke, ki goge, ki sake.

Ki kwantar da sala biyu ko uku, da tazara a tsakaninsu. Ki saurara. Ƙara ce 'yar siririya za ki ji, cuuu a hankali. Idan kika ji caaa mai ƙarfi, rage wuta. Idan shiru kika ji, ƙara kaɗan, don a kasko mai sanyi burodi mai kawai zai sha. Daga nan ki ƙyale shi. Kada ki danna da cokali, ruwan da kika sha wahalar sa masa za ki matse. Kada ki yi ta ɗagawa kina leƙe. Bayan minti 3 ki ɗaga gefe ɗaya ki duba: ana son ja mai ruwan zuma, da ɗigo-ɗigon da suka fi duhu nan da can. Idan ya yi, ki juya sau ɗaya, ɗaya gefen ma minti 3. Siririn burodi minti 2 ya ishe shi, mai kauri sosai yana iya kai 4.

Yadda za ki san ya nuna: tsakiyar za ta ɗan kumbura, idan kin danna da yatsa a hankali za ta dawo, kuma babu ruwan da zai tsatso. Ki yanka ta farko ki duba cikinta. Ya kamata ya zama a kame amma da taushi, kamar alalar da ta nuna daidai. Idan kin ga waje ya yi amma ciki da saura, ki rage wuta can ƙasa, ki rufe kaskon da murfi minti ɗaya ko biyu, tururi zai ƙarasa aikin. Sai ki buɗe ki ba kowane gefe 'yan daƙiƙu don ya dawo da ƙarau ɗinsa. Wannan dubawar ba ta daɗin baki kaɗai ba ce. Ƙwan da bai nuna ba yana iya ɓata ciki, musamman ga ƙananan yara da mai juna biyu da tsofaffi.

Tsakanin kowane zubi ki goge kaskon da tsumma mai tsabta ko tishu, ki sa sabuwar bota. Baƙin ɓarɓashin da ya rage daga zubin farko shi ne ke sa na biyu ɗaci, kuma shi ya sa a gidaje da yawa maigida da aka fara zuba wa yake yabawa, yaran da suka samu na ƙarshe suna yatsina fuska.

Abin da za a sa a kai

Kina saukewa, tun yana zafi da maiƙonsa, ki barbaɗa haɗin sukari da kirfar nan a gefe biyu. Idan ya huce ba zai kama ba, zubewa zai yi a faranti. Kada ki jibga su kan juna ki rufe a kula, gumi za su yi su saki. Ki jera su a tire a buɗe, ko a kan wayar gashi idan kina da ita.

Mai son ɓawo mai ƙaras-ƙaras ga wata hanya: lokacin da gefen farko ke soyuwa, ki barbaɗa rabin cokalin shayi na sukari a gefen da ke sama. Idan kin juya, sukarin zai narke a kasko ya zama ɓawo mai ƙyalli. Amma fa ki tsaya a kansa, don tsakanin narkewa da ƙonewa babu nisa, kuma narkakken sukari idan ya ɗiga a fata ya fi mai ƙuna.

A Amurka da Kanada ruwan zaƙin itacen mapul suke kwararawa a kai. Ana samunsa a manyan kantuna da tsada, kuma da yawa daga cikin masu arahar ruwan sukari ne aka sa wa ƙamshi. Ban ga dalilin wahalar da aljihu ba alhali ga zuma. Sai dai jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma. Idan babu zuma mai kyau, ki yi ruwan dabino: dabino 10, ki cire ƙwallo, ki jiƙa a kofin ruwan zafi ɗaya na rabin awa, ki markaɗa, ki tace, ki ɗora a wuta kaɗan har ya yi kauri ya fara bin cokali. Da kirfa da dabino jininsu ya haɗu sosai. Idan za ki zuba zuma ko ruwan dabino, ki rage sukarin barbaɗawa, kada zaƙi ya yi yawa ya ginshi mutane tun a sala ta farko.

Ayaba yankakkiya tana tafiya da shi, haka mangwaro a lokacinsa, ko soyayyiyar gyaɗa da aka ɗan daddaka, ko riɗi. Shayin da za a sha da shi gara ya zama marar sukari sosai, mai citta da kanumfari. Kindirmo mai sanyi a gefe yana yanke zaƙin.

Idan gidan da yawa, ko kuma na sahur ne

Mai ciyar da mutum goma ba za ta tsaya da kasko ɗaya tana sala bibbiyu ba. Ki ɗora kasko biyu, ko ki samu faffaɗan tiren ƙarfe mai kauri ki ɗora a kan garwashi. Waɗanda suka soyu ki ajiye a obin mai ɗumi, wajen digiri 100, har ki gama. Idan babu obin, ki bar mutane su riƙa ci kina soyawa, dama a haka ya fi daɗi.

Ranar makaranta ko da azumi, ki rage wa kanki aiki tun dare: ki yanka burodi ki shanya, ki haɗa ruwan ƙwan ki rufe a firij, da asuba tsomawa da suya kawai za ki yi. Amma wannan sai idan kin tabbata firij ɗin zai kwana da sanyinsa. Idan an ɗauke wuta tun magariba kuma babu alamar dawowarta, kada ki kwanar da ɗanyen ƙwai da madara. Ki auna busassun kayan kawai ki ajiye, fasa ƙwai da kaɗawa ba ya cin minti 5.

Wanda ya rage bayan an ci, ki bari ya huce sosai, ki sa a roba mai murfi a firij, ki cinye cikin kwana biyu. Wajen ɗumamawa ki mayar da shi busasshen kasko a wuta kaɗan, minti ɗaya ko biyu kowane gefe. Idan za ki sa wa yaro a kwanon makaranta, ki bari tururin ya fita kafin ki rufe, ki yanka masa tsaye-tsaye yadda zai ɗauka da hannu, kuma ki bar zumar a gida don kada ta ɓata masa littattafai. Sukari da kirfa sun isa.

Ruwan ƙwan da ya rage a kwano, wanda bai kai ya jiƙa sala guda ba, ki tattara ƙarshen burodin nan biyu da ba mai so da ɓarɓashin da ya zuba wajen yanka, ki gutsuttsura a ciki su sha na minti 2, ki juye a kasko ki baza da bayan cokali, ki rufe. Idan ƙasan ya yi ja ki juya, ki ba shi minti 2, ki barbaɗa sauran sukari da kirfar.